Gidan kallo ko kuɗin wata? Lissafin kakar ƙwallo ga mai iyali

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen Gumel, da na Maigatari bakin iyaka, da Gagarawa, da Sule Tankarkar, da duk wanda muryar nan ta riska a shago ko a majalisa ko a kan hanya. Shirinmu na yau na lissafi ne. Wanda ke da biro da takarda a kusa ya jawo su, wanda kuma ba shi da su, wayarsa ta isa.

Duk shekara idan Agusta ta raba tsakiya, ana fara gasar Firimiya ta Ingila, kuma tare da ita ake fara wata muhawara a gidaje da yawa. Samarin gida su ce, "Baba, a sa mana na gida mana, mu huta da zuwa gidan kallo." Maigida ya ce zai duba. Uwargida ta ce ita dai in yaran za su daina dawowa ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ta goyi baya. Daga nan sai a yanke hukunci da zuciya, ko a saya ko a fasa, ba tare da kowa ya zauna ya buga lissafi ba. To yau mu za mu buga shi, daga farkon kakar wasa har ƙarshenta.

Mu fara da tsawon abin. Ƙungiyoyi 20 ne a Firimiya, kowacce tana buga wasa 38, daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Mayu. Mai biyan kuɗin wata zai biya kusan sau 10 ke nan kafin a ɗaga kofi. Gasar Zakarun Turai kuwa, tun kakar 2024 aka sauya mata tsari, ƙungiyoyi suka zama 36, kowacce tana buga wasa 8 a zagayen farko kafin a shiga sili-ɗaya-ƙwale.

Sai farashi. A watan Maris na 2025 kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv, ya ƙara kuɗi. Tsarin Compact na DStv, wanda ke nuna wasannin Firimiya, ya koma naira 19,000 a wata. Compact Plus, wanda ya haɗa da Zakarun Turai, ya koma 30,000. Babban tsarin, Premium, 44,500. A GOtv kuma Supa Plus ya koma 16,800, sai dai shi GOtv da eriya yake aiki, ba da farantin satalayit ba, don haka kada ka ba da kuɗinka sai ka ga wani a unguwarku da yake kama masa tar-tar. Waɗannan alƙaluman na wancan lokacin ne, ka tambayi na yau wurin dillali kafin ka rubuta. Dalilin da ya sa na ce haka shi ne, Compact ɗin nan 12,500 yake a ƙarshen 2023, ya koma 15,700 a Mayun 2024, sannan ya kai 19,000. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta nemi a dakata da ƙarin na 2025, magana ta kai har kotu, amma farashin ya zauna.

To ninka 19,000 sau 10. Naira 190,000 ke nan a kaka ɗaya. In Compact Plus ne, 300,000. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 naira 70,000 ne. Wato ƙaramin ma'aikaci zai ba da albashin wata uku ba kaɗan don Firimiya kaɗai, ko na wata huɗu da ɗoriya in yana son Zakarun Turai. Ba a sa kuɗin dikoda da faranti da ladan mai ɗaurawa ba tukuna, ba a kuma zo maganar wuta ba.

Yanzu mu leƙa gidan kallo. Kowa ya san fasalinsa: rumfar kwano ko ta zana, bencina a jere, talabijin biyu ko uku a gaba, allo a ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli, yaro zaune a bakin shiga da canji a hannu, inji yana ruri a baya. Kuɗin shiga ya bambanta daga gari zuwa gari, wani wurin ma babban wasa kuɗinsa daban. Don sauƙin lissafi mu ɗauka naira 200 ne kowane wasa. In naku 150 ne ko 300, sai ka sauya a takardarka.

Mutumin da ƙungiya ɗaya yake bi, ba ya fita sai ranar da take wasa, zai kalli wasa 38 na gasar gida da 8 na Turai, 46 ke nan. A naira 200, kuɗinsa na kaka gaba ɗaya 9,200. Ku saurara da kyau, kakar ce baki ɗaya, kuma ba ta kai rabin kuɗin Compact na wata guda ba. Ko da maigida ne da 'ya'yansa biyu, su uku, 27,600 ne. Irin wannan gida in ya sa na wata saboda ƙwallo, ba don araha ya sa ba, sai dai don wani dalilin daban, kuma za mu zo kan waɗannan dalilan.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya, samari nawa ne ke tsayawa a ƙungiya ɗaya? Asabar a kalli nasu, Lahadi a je kallon abokan hamayya da fatan a lallasa su, Talata ko Laraba ga Zakarun Turai. Wasa uku a mako, mako 40, wasa 120. Mutum uku a naira 200, 72,000 ke nan. Kuma wanda ya taɓa zuwa gidan kallo ya san ba kuɗin ƙofa kaɗai ake kashewa ba. A hutun rabin lokaci ana fitowa a sayi ruwan leda, a sayi gyaɗa ko rake, mai shayi yana nan ya kafa teburinsa daidai ƙofa don ya san abin da yake yi. Wanda gidansu ke da nisa zai hau acaɓa ya dawo. In muka ce waɗannan sun ci 300 a kan kowane mutum, fita ɗaya ta zama 500. Mutum uku, wasa 120, naira 180,000. Kun ga an zo dab da 190,000 ɗin nan.

A nan ne samarin gida za su yi tsalle su ce, "Ka ji ko, Baba? Duk ɗaya ne!" Ku dakata, 'yan samari, ba mu kunna inji ba tukuna.

Wutar da KEDCO ke ba mu ba ta san jadawalin Firimiya ba. A ƙauyuka da dama ma ba a maganarta. Mai gidan kallo ya riga ya sa kuɗin mai a cikin 200 ɗin da kake ba shi, yana raba shi a kan mutum hamsin ko ɗari. Kai kuwa a gida kai kaɗai za ka ɗauka. Wasa ɗaya da hutunsa awa biyu ne. Mu ƙaddara ƙaramin janareta zai sha lita ɗaya, da talabijin da fanka da ƙwai biyu, mu kuma ƙaddara litar naira 1,000, tunda tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ba a sake ganin tsohon farashi ba. In aka yi sa'a rabin wasannin akwai wuta, wasa 60 ne za a kalla da inji, 60,000 ke nan, ban da baƙin mai da filogi da kuɗin bakanike. Na gida ya tashi 250,000. Kuma wannan Compact ne, daren Talata da Laraba yaran za su sake fita, don Zakarun Turai ba ya ciki. In ana son a rufe wannan ƙofar ma, sai 360,000.

Ga hanya mafi sauƙi da kowane maigida zai gane matsayinsa. Haɗa kuɗin wata da kuɗin mai na wata, sannan ka raba da abin da mutum ɗaya ke kashewa a fita ɗaya. A misalinmu, 19,000 da 6,000 sun zama 25,000. Raba da 500, ka samu 50. Ma'ana sai in mutanen gidanka, a haɗe, suna shiga gidan kallo sau 50 a wata kafin na gida ya fara mayar da kuɗinsa. In kowa yana kallon wasa 12 a wata, sai kun haura mutum huɗu. In kuwa yaranka ba sa sayen komai, kuɗin ƙofa kawai suke biya su tako da ƙafa su dawo, to raba 25,000 da 200, ka samu 125, wato sai gida mai masu kallo fiye da goma. Abin kamar sayen hatsi ne. Buhu ya fi tiya araha, amma ga gidan da zai cinye shi kafin ƙwari su riga shi.

Wannan lissafi ba mu kaɗai ke yin sa ba. A Amurka, a jihohi masu duwatsu irin su Kolorado, iyalai kan yi irinsa duk shekara a kan wasan zamiya a dusar ƙanƙara. Akwai tikitin yini, akwai na kaka gaba ɗaya. A 2008 kamfanin Vail Resorts ya fito da tikitin kaka mai suna Epic Pass a kan dala 579. A 'yan shekarun nan ya kai wajen dala 1,000 ga babba, yaro kuma kusan rabin haka, yayin da tikitin yini ɗaya a dutsen Vail a ranakun cunkoso ya haura dala 300. Wanda zai je kwana huɗu ya ci riba da na kaka, wanda zai je kwana biyu ya yi asara. Abin lura shi ne lokacin da ake sayar da tikitin: watanni kafin ƙanƙarar ta sauka. Kamfani ya karɓi kuɗinsa ya adana. In shekarar ta zo da ƙarancin ƙanƙara, ko aiki ya hana maigida tafiya, yawancin asarar a kan mai saye take. Duk wanda ya ce ka biya tun kafin lokaci, ya ɗora maka nauyin abin da ka iya faruwa ne, kai kuma sai ka duba ko rangwamen da ya ba ka ya kai nauyin.

Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da abubuwan da ke cin kwanakin da muka biya. Na farko damina. Agusta da Satumba hadari na haɗowa, faranti ya ɗauke, allo ya tsaya cik ana tsakiyar bugun fanareti. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma kwanakin ba a mayar maka da su. Lokacin ne kuma ake fama da gona, mutum ya dawo a gajiye ya yi barci a gaban talabijin inji yana ta shan mai. Oktoba da Nuwamba ga girbin gero da yankan riɗi da tsinkar zoɓorodo da roron wake, ranar Asabar da la'asar rabin gidan yana gona. Akwai hutun wasannin ƙasashe, irin na Nuwamba da Maris, da ake kusan mako biyu babu wasan kulob, kuɗinka kuwa yana tafiya. A shekarun nan azumi yana faɗowa a tsakiyar kakar wasa, a 2025 ya cinye watan Maris, kuma dare na asham ne da tafsiri. Ɗan kasuwar Maigatari kuwa ya san daren Laraba ba nasa ba ne, ana sauke dabbobi da kaya ana shirin kasuwar Alhamis, daidai lokacin da ake buga Zakarun Turai. Ranar Alhamis ɗin ma da ake gasar Europa, wa ke da sauran ƙarfi? Ƙari a kan haka, ƙungiyarka na iya ficewa daga gasar Turai tun Janairu ko Fabrairu, ka zauna da tsarin 30,000 kana kallon murnar wasu.

Don haka idan ka zo rubuta yawan wasannin da gidanka ke kallo, kada ka rubuta na buri. Tuna kakar bara, ka rubuta waɗanda aka zauna aka kalla da gaske. Mai gidan kallo ba ya karɓar kuɗin wasan da ba ka je ba, wannan ce babbar falalarsa.

To amma kuɗi ba su ne duka zancen ba, kuma a nan nake ganin uwargida tana da hujja mai ƙarfi. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris Turawa kan mayar da agogonsu baya da awa ɗaya, mu namu yana nan. Wasan Zakarun Turai da ake farawa ƙarfe 8 na dare sai ya koma ƙarfe 9, a tashi wajen 11. Lokacin hunturu ke nan, ga sanyi ga ƙura, yaro ɗan shekara goma sha biyu yana tafe a duhu, gobe da asuba ga makarantar allo ga boko. Wasan yammacin Asabar kuma yakan koma 6 da rabi, daidai magariba. A gida uba zai ce a rage murya a tashi a yi salla, a rumfa kuwa wa zai faɗa wa wa? Sannan akwai abin da ya fi duk waɗannan tsada, cacar ƙwallo a waya. Yaron da ke zaune a benci yana ganin na kusa da shi yana duba tikitinsa duk minti biyar, wata rana shi ma zai gwada da naira 100. Wannan ba laifin mai gidan kallo ba ne, yawancinsu mutanen kirki ne masu neman halak ɗinsu, wasu ma suna korar ƙananan yara in dare ya yi. Amma uban da ya ce zai biya 25,000 a wata don yaransa su kasance a gaban idonsa, ba zan ce ya yi wauta ba. Ina dai so ya san abin da yake saye ke nan, ya daina cewa araha ya bi.

Akwai kuma hujjar da magidanta ke kawowa wadda ba na karɓa da sauƙi: "Ai don iyali na sa." Wane iyalin? Mata da 'yan mata ba sa zuwa gidan kallo, don haka ba su cikin waɗanda aka rage wa kuɗin ƙofa. Abin da galibinsu ke kallo, Arewa24 da shirye-shiryenta irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, da tashoshin wa'azi da na karatun Alƙur'ani, ana kama su kyauta da resiba ta yau da kullum, ba a biyan ko sisi a wata. Kuma dikoda ɗaya tasha ɗaya take nunawa. Ranar da wasa ya haɗu da shirin uwargida, mun san wanda ke riƙe rimot. Idan 19,000 ɗin nan daga kuɗin cefane za a yanko ta, ko daga kuɗin makarantar 'yan mata, to a zauna da Hajiya a gaya mata gaskiyar adadin, ta faɗi nata ra'ayin. Wata za ta ce ta yarda don kwanciyar hankalin yaran, wata za ta ce a sayi akuya da kuɗin.

Inda na gida ke cin riba ba gardama shi ne babban gida, irin namu na gado, inda wa da ƙannensa, su uku, ke zaune da iyalansu a gida ɗaya. Compact Plus a raba uku, kowa 10,000. A kafa talabijin a zaure ko a tsakar gida, masu kallo sun kai goma sha biyar. Sai dai a yi magana tun farko: wa ke karɓar kuɗin, ranar nawa ga wata, wa ke sayen mai, kuma in ɗaya ya gaza a wani watan yaya za a yi. Zumunci da yawa ya yi tsami a kan abin da bai kai wannan ba. A kuma sani, da zarar an fara karɓar kuɗin maƙwabta a ƙofa, an shiga kasuwanci, kuma kamfani yana da tsari daban na masu nuna wa jama'a.

Sauran hanyoyin a taƙaice. StarTimes yana ba da damar biyan na yini ko na mako, wanda ya dace da mai samun kuɗi kullum-kullum, amma ka tambaya da bakinka ko gasar da kake so tana ciki, don haƙƙin nuna wasanni yana sauya hannu daga kaka zuwa kaka. 'Yan'uwanmu na tsallaken iyaka, ta wajen Damagaram, Canal+ suka fi sani, da sefa ake biya kuma sharhin da Faransanci, shi ne kuma kamfanin da ya mallaki MultiChoice ɗin kansa a Satumbar 2025. Kallo a waya kuwa na mutum ɗaya ne ko biyu, data ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, kuma a ƙauye sabis yakan yanke ana dab da cin ƙwallo. Rediyon da kuke saurarenmu da shi ma hanya ce, batir biyu sun isa a ji sakamako da sharhi.

In ka tambaye ni abin da zan ba mai matsakaicin ƙarfi shawara, sai in ce ba dole ne a zaɓi ɗaya a bar ɗaya ba. Dikodar da ba a biya ba ɗaukewa kawai take yi, ranar da aka biya ta dawo. Zaɓi watannin da suka cancanta. Disamba, lokacin da wasanni ke cunkushewa, yara suna hutu, sanyi ya tsananta, kuɗin riɗi kuma ya shigo hannu. Sai Afrilu da Mayu, da ake yanke hukuncin wanda zai ɗauki kofi. Wata uku a 25,000, 75,000 ke nan. Sauran wata bakwai a je gidan kallo sau ɗaya a mako, wasan rana, uba tare da 'ya'yansa. Mutum uku a 500 na mako 28, naira 42,000. Jimla 117,000, ƙasa da rabin 250,000 da muka samu ɗazu.

Idan kuma kakar bana ta yi kyau, an sayar da riɗi ko zoɓorodo an samu rara, ni da a zuba ta a biyan watanni a gaba, gara a sa ta a sola da batir. Ranar da muke kuka da ita a nan arewacin Jigawa ita ce jarin. Sola tana cire layin mai daga lissafin gaba ɗaya, tana cajin wayoyin gida, tana ba yara hasken karatu, kuma tana aiki a Yuni da Yuli lokacin da babu Firimiya. Ka dai nemi wanda ya iya aikin ya auna maka ƙarfin talabijin da dikoda da fanka kafin a sayi batir, don ƙaramin batir yakan mutu ana minti na saba'in, kuma ka karɓi rasit mai ɗauke da sharaɗin canji.

Lokacinmu ya ƙare a nan. Wanda ya buga lissafin gidansa ya ga ya saɓa da namu, ya aiko mana da alƙalumansa da sunan garinsu, za mu karanta wasu a shiri na gaba.